Makarantar Da Umma Ba Ta Zaɓa Ba

Shafi na 19

Masu cewa na gudu jiya, wallahi ba gudu na yi ba, caji ne ya ƙare wuta kuma ta ƙi zuwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto min cewa Umma ta cika takura wa yarinya, ki daure ki karanta wannan shafin tukuna.

*

Umma na cikin share ɗakin yara idonta ya sauka a kan ƙwayar.

Tana nan cikin ɗan farantin da take ajiye ta kullum da safe, ga kofin ruwa a gefe, ko kurɓa ba a yi ba.

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannun Umma.

"Innalillahi. Yaya ba ta sha magani ba."

Yaya ita ce babbar 'yarta. Ƙanwarta Auta ce ta laƙaba mata sunan tun tana koyon magana, ya bi ta har bakin uwa da uba. Ajin ƙarshe take a sakandare, kuma tun tana firamare take fama da farfaɗiya. An daɗe rabon da ta faɗi, amma ƙwayar nan ce ke riƙe da ita. Likitansu na birni ya ja musu kunne kafin su taso: kada a kuskura a tsallake, balle in tana cikin gajiya ko rashin barci.

Ga shi satin nan gwaji suke yi, yarinyar ba ta barcin kirki.

Umma ta san yadda aka yi. Da safe Auta ta ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya ta cika gida da ihu, Abba yana ta danna hon a ƙofar gida, ita kuma ta shagala da leƙa ƙarƙashin gado. Yau ce rana ta farko da ba ta tsaya a kan Yaya ta ga wucewar maganin a maƙogwaronta ba.

Ta naɗe ƙwayar a 'yar leda, ta zura hijabi. Ɗinkin matar maƙwabcinsu ta bari a ƙarƙashin allurar keke, ko zare ba ta yanke ba.

Tana tafe tana yi wa kanta magana.

"Alhamdulillahi da na kafe a kan ta kusa. Yau da wata ce, ina zan dosa?"

Lokacin da aka yi wa Abba canjin aiki zuwa garin nan a matsayin malamin dabbobi, ba ruwan famfo ko wutar lantarki ne suka hana Umma barci ba, makarantar yara ce. Ta Auta ba ta ba ta wahala ba, firamare tana bayan layinsu. Ta Yaya ce ta zame musu rigima. Akwai ta kwana a wani gari mai nisa, Umma ta ce ko a mafarki. Akwai ta kimiyya a tsallaken kogi, wadda kowa ke yabo, wai daga can ake samun shiga kwalejin koyon aikin jinya. Umma ta je bakin ruwan sau ɗaya, ta kalli kwale-kwalen da ke ɗibar ɗalibai, ta juyo gida ta soke ta. Sai ta bayan kasuwa, wadda ba ta da malamin kimiyya ko ɗaya, amma in ka tsaya a ƙofar gidansu kana hango rufinta.

Ita Umma ta zaɓa. Ta ce in Yaya ta gama sai ta shiga kwalejin malamai ta garin gaba, ta je ta dawo ta kwana a gida. Yaya ta yi kuka har ta gaji. Abba ya ce to.

Da hannunta ta ɗinka mata kayan makarantar.

Da ta isa makarantar, babu mai gadi a ƙofar, ƙofar ma ɓari ɗaya ce ta rage. Wata akuya ta fito daga wani aji a natse kamar ta gama ba da darasi. A barandar ofis Umma ta tarar da wata malama mai tsohon ciki tana fifita da kwali.

Suka gaisa.

"Malama, don Allah yarinyata nake nema, saƙo zan ba ta. 'Yar ajin ƙarshe ce, doguwa mai tabarau. 'Yar gidan malamin dabbobi."

Fuskar malamar ta washe.

"Au, 'yar birni! Kai, yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ai mun yi kewarta. Ya take? Tana jin daɗin sabuwar makarantar?"

Umma ta matso kusa.

"Wace sabuwar makaranta?"

Fifitar ta tsaya.

"Hajiya, ba ke ce mahaifiyarta ba?"

"Ni ce."

"To ai..." Malamar ta gyara zama, ta kalli ƙasa, ta kalli akuyar. "Ƙila ni ce na rikice. Kin san mai ciki da mantuwa."

"Malama, don girman Allah kada ki ɓoye min. Yarinyar nan ba ta da cikakkiyar lafiya. Tana cikin makarantar nan ko ba ta ciki?"

"Ba ta ciki."

"Yau ne ba ta zo ba?"

"Hajiya, satin farko kawai ta yi mana. Babanta da kansa ya zo ya ce ya sauya mata."

Umma ta dafa ginshiƙin baranda.

"Zuwa ina?"

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ki zauna mana, bari a kawo miki ruwa."

Ba ta zauna ba. Ba ta ma san ta yi sallama ko ba ta yi ba.

Ta tsinci kanta a kan hanya tana sauri kamar ana korar ta. Kullum da safe yarinyar nan tana fita cikin kayan da ta ɗinka mata. Kullum da yamma tana dawowa a bayan babur ɗin ubanta cikin kayan nan dai, su ce mata darasin yamma aka ƙara musu. Ta tuna yadda suke haɗa ido su yi shiru in ta shigo falo. Ta tuna takalman Yaya da ke dawowa da laka ko ranar da ba a yi ruwa ba.

Laka.

"A'a," ta faɗa a fili, har wani mai tura baro ya waiwayo. "A'a, ba zai yi min haka ba."

Ofishin dabbobi yana ƙarshen gari, ɗaki biyu da fili mai shingen waya. Ta tarar da Abba a durƙushe gefen wani ɗan maraƙi, mai shi ya danne masa wuya, shi kuma yana zuƙo magani cikin sirinji. Ya ɗago ya gan ta, murmushin da ya fara ya tsaya a rabi.

"Umman yara? Lafiya?"

"Ka gama."

Ya soka allurar, ya murza wurin, ya sallami mutumin da 'yan kalmomi. Ya wanke hannu a buta, ya daɗe yana wankewa.

"Mu shiga ciki," ya ce.

Ɗakin warin maganin kaska yake yi. Tebur, kujera, ƙaramin firji yana gurnani a lungu, hoton saniya an zana mata kibiyoyi a bango. Umma ta shiga ta mayar da ƙofa da kanta.

A bayan ƙofar, a jikin ƙusa, ga su nan a rataye.

Riga da siket da hijabi. Ba sai ta taɓa ba, ta san ɗinkinta. Ta san inda ta ninka bakin siket ɗin sau biyu don yarinyar na ƙara tsawo.

Ta juyo a hankali.

"Ina 'yata?"

"Ki zauna mu yi magana."

"Abban Yaya, ina 'yata?"

Ya sauke numfashi.

"Tana makaranta."

"Daga makaranta nake."

Firjin ya ci gaba da gurnaninsa.

"Tana ta kimiyya," ya ce da ƙyar.

"Ta tsallake."

"Eh."

"A kwale-kwale."

"Eh."

Ta zaci ihu za ta yi, amma muryar da ta fito 'yar siririya ce, kamar ba tata ba.

"Tun yaushe?"

"Tun sati na biyu da zuwanmu. A nan take sauya kaya, in kai ta bakin ruwa. In an tashi in tarbo ta, ta sake sauyawa mu taho gida."

"Ku taho gida ku ci abincina, ku kalli idona, ku ce darasin yamma."

"Na so in faɗa miki. Wallahi kullum sai na ce yau. Ita ce take roƙona in bari sai sakamako ya fito, ki gani da idonki."

"Yarinya ce ta roƙe ka. Kai kuma yaro ne?"

Ya ja kujera ya zauna, ya haɗa hannuwansa.

"Ki saurare ni, ko da za ki zage ni bayan nan. Kin san abin da na tarar ranar da na je ɗauko ta a waccan makarantar taki? Ita ce a gaban allo tana koya wa 'yan ajinsu. Babu malami tun safe. Na ɗora ta a babur, muna tafiya na ji bayana ya jiƙe. Kuka take, ba sauti. Na tsaya na kira ta da sunan da nake tsokanarta, na ce Dakta, mene ne? Ta ce, Abba, shi ke nan ni tawa ta ƙare ko? Saboda ciwon nan?"

Umma ta kau da kai.

"Me kike so in ce mata? In ce eh? Yarinyar da tun tana ƙarama take ɗaure wa 'yar tsanarta bandeji? Kwalejin jinya ba za ta kalle ta ba sai da kimiyya, kin sani. Ta kwana kin ce a'a. Ta tsallake kin ce a'a. Na ce mu bar ta a birni wurin yayata ta ƙarasa, kin ce ba mai kula miki da ita kamar ke. To ina za ta? Ciwo ya ɗaure ta, mu ma mu ƙara mata igiya? A gwajin da ya wuce ita ta zo ta ɗaya a can. Ta ɗaya, Umman yara. Na so ki ga yadda take dariya a bayan babur."

"Ka gama?"

"Ban ce na kyauta ba. Na ce ki duba."

Ta matso gaban teburin.

"Ka taɓa riƙe kanta yana bugun ƙasa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Duk faɗuwar da ta yi kana wurin aiki, sai dai a kira ka ka tarar ta farfaɗo. Ni na san nauyinta in ta sandare. Ni na san yadda leɓenta ke komawa baƙi. Ka manta ranar banɗaki? Na ji shiru ya yi yawa, na banke ƙofa na tarar da fuskarta a cikin bokiti. Bokiti, Abban Yaya! Ruwan bokiti ya kusa raba ni da ita, kai kuma ka ɗauke ta ka ɗora a kan kogi?"

"Ni nake kai ta, ni nake tarbo ta."

"Kana wannan bakin. Tsakiyar fa? Wa ke tsakiyar?"

"Na yi tunanin wannan. Na saya mata rigar hana nutsewa, mai kyau, na ce kada ta kuskura ta shiga jirgi ba ta ɗaura ba."

Umma ta koma bayan ƙofa. Tun ɗazu ta hango wani abu mai ruwan lemo yana leƙowa ta ƙarƙashin siket ɗin. Ta ɗaga kayan.

"Wannan?"

Abba ya miƙe tsaye, kujerar ta faɗi ta baya.

"Subhanallahi. Ba ta ɗauka ba?"

"Ni kake tambaya? Ba kai kake kai ta ba?"

"Yau... yau muna isowa aka zo kirana, wata saniya ce haihuwa ta gagare ta. Na ce ta sauya kaya ta hau babur ɗin haya." Ya shafa fuskarsa. "Ta sha yi min ƙorafi, wai 'yan ajinsu suna yi mata dariya, suna ce mata sarkin masunta. Ban ɗauka za ta ajiye ba."

Umma ta jingina da ƙofar.

"Malamanta sun san da ciwon?"

Ya sunkuya ya ɗaga kujerar da ta faɗi.

"Magana nake. Akwai wanda ya sani a can?"

"Firinsifal ɗin ta tambaye ni ko tana da wata lalura."

"Ka ce me?"

"Na ce a'a."

"Ka ce a'a."

"Da na faɗa ba za su karɓe ta ba! Saboda kogin nan ba sa ɗaukar mai irin wannan, an gaya min tun kafin in shiga ofishin."

"Mai jirgin fa?"

"Bai sani ba."

"Ƙawayenta?"

"Ta ce kada kowa ya ji. Kin san yadda yara suke, za su guje ta."

"Ke nan duk faɗin tsallaken can, babu mutum ɗaya da ya san ya juya ta gefe in ta faɗi. Babu wanda ya san ya riƙe ta."

"Umman yara, ki kwantar da hankalinki. An daɗe fa ba ta faɗi ba. Muddin tana shan maganinta, likita da bakinsa ya ce..."

Sai a lokacin ta buɗe tafin hannunta.

Ledar ta jiƙe da zufa. Ƙwayar tana ciki, fara, 'yar mitsitsiya.

Abba ya kalli hannun. Ya kalli fuskarta. Ta ga yadda jini ya janye daga fuskarsa, ta ga mutumin da ke kayar da bijimi ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Na yau ne?"

"Na yau ne."

"Ba ki ba ta ba?"

"Na ajiye mata. Ban tsaya na gani ba. Na ce ai ga makarantar nan kusa, in na gani sai in miƙa mata. Na ce ai kusa ce."

Ya riga ya ciro waya. Wani malamin makarantar tsallaken yake nema, sai da ya yi kuskuren lamba ya sake. Ya kara a kunne, ya cire, ya ɗaga ta sama yana neman sabis, ya fita fili. Umma ta bi shi.

Sai yanzu ta lura garin ya sauya. Ranar da ta ƙona mata ƙeya a hanya ta ɓace. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana ɗaga ciyawar da aka tara wa dabbobi.

"Malam! Malam, kana ji na? Baban 'yar birni ne. Don Allah ka riƙe min ita a ofis, kada ta taso, ga ni nan zuwa da kaina... Me?"

Ya tsaya cak.

"Yaushe?"

Umma ta kama hannun rigarsa.

"Me ya ce? Me ya ce maka?"

Ya sauke wayar.

"An tashe su da wuri. Wai an yi ruwa mai yawa a can sama, ana tsoron kogi zai kawo, gara su ƙetare tun da sauran hali. Duk sun tafi bakin ruwa."

Ba ta san lokacin da ta koma ɗakin ta fizgo rigar mai ruwan lemo ba. Ba ta san amfanin da za ta yi mata daga wannan bakin ba, ta dai rungume ta. Abba ya buga babur, ya ƙi tashi. Ya sake bugawa yana kiran sunan Allah, ya kama.

Rabon da ta hau bayansa tun kafin a haifi Auta. Yau ba ta ko gyara zama ba ya fizga.

Suka ratsa kasuwa mutane na kwashe kaya. Suka bar kwalta suka faɗa hanyar gonaki. Yayyafi ya fara, manyan ɗigo masu zafin duka. Ita dai bakinta na motsi, duk addu'ar da ta zo mata ja take, wata ta fara ba ta ƙarasa ba ta kama wata.

Tun kafin su hango ruwan ta ji ƙararsa.

Ranar da ta zo duba makaranta, kogin a kwance yake, yara na wanka a gefe. Yau ya zama jan ruwa mai kumfa, ya cinye yashin da ta taka a wancan zuwan, yana tafe da rassan itace da buhunan da ya kwaso ko daga ina. Mutane sun taru a kan tudu, yawanci iyaye, kowa ya yi jugum. An jawo kwale-kwale biyu an kife a kan gaɓa.

Abba ya yar da babur ɗin ko jingine shi bai yi ba, ya nufi wani dattijo da ke ɗaure igiya.

"Baba, ka ƙetarar da ni. Yanzu."

"Ba mai shiga ruwan nan yanzu, Malam."

"'Yata ce a can, ba ta da lafiya!"

"In ɗaliba ce ba ta can. Ga su nan tafe, jirgin ƙarshe ke nan."

Ya nuna da haɓa.

Umma ta bi inda ya nuna da ido. Can ta hango shi, ɗan baƙin abu yana hawa yana sauka, cike da fararen hijabai. Mai fito yana tsaye a baya yana fama da filafili, ruwan yana jan su ƙasa yana mayar da su.

"A ce su koma!" ta ce. "A yi musu ihu su koma!"

"Sun wuce rabi, Hajiya. Komawa ta fi tahowa haɗari. Ki yi addu'a kawai, yaron ya iya ruwa. In dai sun zauna lafiya ba mai motsi, za su iso."

In dai ba mai motsi.

Ta sauka daga tudun, laka ta riƙe mata takalmi ɗaya ta bar shi nan. Ta tsaya inda ruwan ke lasar ƙafarta. Ba ta taɓa ganin 'yarta cikin kayan makarantar nan ba, duk iri ɗaya suke, amma uwa ba ta buƙatar a nuna mata. Ga ta can a gefen hagu, ta fi sauran tsawo, ta rungume jaka a ƙirji, tabarau ɗin ya jiƙe.

A bakin jirgin take zaune. A bakin.

"Tana lafiya," Abba ya ce a gefenta, numfashinsa na sarƙewa. "Kin gani? Ga ta can a zaune. Saura kaɗan."

Jirgin ya ƙara matsowa. Yanzu ana iya ganin fuskoki. Wasu yaran sun rufe ido, wata tana kuka, wata ƙarama ta ƙanƙame hannun Yaya.

Yaya ta ɗago tana neman ubanta a inda ya saba tsayawa.

Ta gan shi.

Ta ga wadda ke tsaye kusa da shi, ƙafa ɗaya ba takalmi, rungume da rigar da ta ɓoye a bayan ƙofa.

Umma ta ga yadda yarinyar ta daskare. Ta ga bakinta ya buɗe. Nan take ta yi da-na-sanin saukowa, da ta tsaya a bayan mutane, da ta ɓuya har su iso. Ta ɗaga hannu tana girgizawa, tana ƙoƙarin yin murmushi.

"Ba komai!" ta ƙwalla. "Ban yi fushi ba! Ki zauna kawai, Yaya, ban yi fushi ba!"

Iska ta kwashe maganar ta yi gaba da ita.

Sai kan Yaya ya fara juyawa hagu.

A hankali, kamar wani na kiran ta daga baya. Hannunta na dama ya saki jakar ya hau tsinkar bakin hijabi, tsinka, tsinka, kamar mai cire ƙaiƙayi.

Duk duniya babu wanda ya san ma'anar wannan sai Umma. Haka take farawa. Daga nan zuwa sandarewa, ko salati ba a gamawa.

"Ku riƙe ta!"

Ba ta san tana da irin wannan muryar ba.

"Ku riƙe ta! Mai tabarau! Ku jawo ta tsakiya! Don Allah ku riƙe min ita!"

Mutanen kan tudu suka ɗauka, kowa na ihu, babu wanda ya san abin da yake faɗa. Yaran cikin jirgin suka ɗago a firgice suna waige-waige.

Jikin Yaya ya miƙe ya sandare. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda har bakin gaɓa an ji shi.

Ta kusa da ita ta kurma ihu ta zabura tsaye. Ta bayanta ma ta miƙe. Kafin ƙiftawar ido rabin jirgin ya tashi, kowa na turereniyar guje mata.

"Ku zauna!" mai fito yake ihu. "Ku zauna, za ku kifar da mu!"

Jirgin ya karkata, ya ɗebi ruwa, ya tafi kamar ya tafi ke nan. Umma ta ji ƙarar faɗawar mutum a gabanta, Abba ne, da takalminsa da komai. Wasu hannuwa suka riƙe ta ta baya, sai a lokacin ta gane ruwa ya kai mata gwiwa.

Jirgin ya dawo ya daidaita.

Idonta ya tafi gefen hagu.

Babu doguwa mai tabarau a wurin.

Sai ƙaramar yarinyar nan, ta kwanta rub da ciki a bakin jirgin tana ihu, hannu biyu ta damƙe bakin wani farin hijabi, sauransa yana cikin ruwa.

Kuma hijabin zamewa yake yi.